Gwaiba Ɗaya ta Rage a Tukunyarka, Yaya Ladan

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma kowa zai koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran Malam Ladan Muntaka a wani asibiti da ke Largo, a jihar Maryland ta Amurka, bayan ciwon zuciya ya kayar da shi a wurin aikinsa a Beltsville. Ya rasu yana da shekara sittin da uku. Ya bar matarsa Hajiya Sharifa, da 'yarsa guda, Najiba, da mu da muka saba jingina da shi a ƙasar nan. Ya kuma bar tukwanen itatuwa goma sha bakwai a bayan gidansa na Mitchellville, kwana huɗu kafin ranar da ya sa za a shigar da su ɗaki saboda sanyi.

Gobe Lahadi za a yi maka addu'ar arba'in, Yaya Ladan, 'yan'uwa kuma sun ce ni zan rubuta wani abu a kanka. Sun zaɓe ni ne don na fi kowa daɗewa da kai. Ba su san cewa ni ne na fi kowa jin nauyinka ba, domin na yi maka ɓarna bayan ranka, kuma kwana talatin da tara ke nan hankalina bai kwanta ba. Zan faɗe ta a nan. Amma bari in fara da alherinka, shi ya fi yawa.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce na zo ƙasar nan daga Gumel, da takardar shaidar karatun harhaɗa magunguna da rigar sanyi guda wadda ba ta tare komai. A watan Janairun farko na kusa tattara kayana in koma. Rana ta faɗi tun ƙarfe biyar, itatuwa duk sun zama ƙirare, ba wanda ke yi wa wani sallama a hanya. Ka lura da ni a masallacin Juma'a, ka ja ni zuwa ɗan gidan da kake haya a lokacin. A bakin taga akwai wata bishiyar lemun tsami a cikin bokitin fenti, tsawonta bai wuce ƙuguna ba. Ka tsinki ganye ɗaya, ka murje shi, ka miƙo mini, ka ce, "Shaƙa, ƙanena." Na shaƙa, sai ga ni ina kuka a gaban mutumin da ban fi awa ɗaya da sani ba. Sai ka tashi ka ɗora shayi.

Aikinka binciken cututtukan tsirrai ne, amma mu ba ta nan muka san ka ba. Mun san ka da ɗakin gilashin da ka gina a kudancin gidanka don ya riƙa samun rana, da fitilun da ka rataya a ɗakin ƙasa don tukwanen da ba su samu wuri a sama ba. Lemun tsami, lemun zaƙi, gwanda, ayaba, rumman, ɓaure, zogale, da wani mangwaro da ya shekara tara bai taɓa yin ko fure ba, wanda kake kira Malalaci. A tsakiyar hunturu, lokacin da lemo ke fure a ɗaki babu ƙudan zuma, mun sha samun ka a durƙushe da ɗan buroshin zane, kana ɗibar garin wannan fure kana shafa wa wancan. Na ce maka mutum mai digiri uku ya koma aikin zuma. Ka ce zuma ba ta samu biza ba, dole wani ya riƙe mata wurin.

Har 'yan sanda sun taɓa zuwa. Wani maƙwabci ya ga jan haske a tagar ɗakin ƙasa, ya ɗauka wiwi kake nomawa. Suka zo da hantsi fuska a murtuke, suka fita bayan rabin awa suna dariya, ka bi su har mota kana yi musu bayanin yadda ake dashen ayaba. Maƙwabcin nan kuwa, maimakon ka yi fushi da shi, sai ka aika masa da lemo.

Duk azumi kowane gida a cikinmu yana samun lemun tsami biyu daga gare ka don kunun gyaɗa. Biyu tak, amma ba wanda ke mantawa. Mace ta haihu, ganyen zogalenka ne zai fara isa gidan. Lokacin da matata Aliyya ta kwanta asibiti wata guda, kullum ka taso aiki sai ka biya ta Largo, ka ajiye mata reshen lemo mai fure a cikin kofi, ka ce warin asibiti yana ƙara wa mutum ciwo. Ba ka taɓa zama ka wuce minti biyar ba, ba ka kuma taɓa fashi ba.

Sau biyu a shekara muke yi maka aiki, ranar da kake kira ranar ƙaura. A watan Mayu mu fitar da tukwane bayan gida su sha rana, a Asabar ta uku ta Oktoba mu mayar da su ciki kafin raɓa ta fara daskarewa, domin safiya ɗaya ta irin wannan sanyi ta isa ta kashe su duka. Mu shida ko bakwai, da maƙwabcinka Davou, mutumin Jos, ma'aikacin jinya, wanda shi kaɗai ne cikinmu ya taso a lambu. Mu yi ta nishi muna zagin Malalaci saboda nauyinsa, Hajiya ta soya mana masa, mu ci mu watse. Ɗauka kawai muka sani. Ba mu taɓa tambayar abin da kake yi mako biyu kafin ranar ba, yadda kake janye su inuwa a hankali, ka rage musu ruwa, ka wanke ganyensu. Ni dai na sha ganin ka tura yatsa cikin ƙasar tukunya har gaɓa ta biyu kafin ka zuba ruwa. Na ɗauka ɗabi'a ce kawai.

Sai gwaibar.

Kowa a cikinmu ya san labarinta. A tsakar gidan mahaifiyarka, Inna Rabi, a Tudun Jukun ta Zariya, akwai wata farar gwaiba da ka taso a ƙarƙashinta. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da ka je jana'izar Inna, ka dawo da irinta, bayan ka cika duk takardun izinin da hukuma ke nema, don kai ba ka yarda a shigo da tsiro ta bayan fage. Biyu suka fito, ɗaya ta mutu. Bayan shekara biyu aka sare uwar a Zariya aka gina shaguna a wurin. Wadda ke tukunyarka ita kaɗai ta rage a duniya daga wannan gida. Shekara goma ta yi tana cin takinka ba ta ba ka komai ba. A watan Yunin bana ta yi fure tara, uku suka kama.

Ban taɓa ganin ka cikin irin wannan murna ba, ko ranar da Najiba ta gama jami'a. Ka raba su tun suna kamar ƙwallon magarya: ɗaya ta Hajiya, ɗaya ta Najiba, ta ukun ta iri ce, a shuka a raba wa gidajenmu, a mayar da saura Zariya. Najiba a nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa, kuma gwaibar kanti kaɗai ta sani, wadda ba ta da ƙamshi. Kullum kana ce mata ba za ta san gidan kakarta ba sai ta ji ƙamshin wannan. A watan Satumba na tambaye ka yaya za a gane ta nuna. Ka ce, "Ba sai an gaya maka ba. Tun daga ƙofa za ka ji."

Ga ɓarnar da na yi.

Kwana ukun zaman makoki, maza sun zauna a bayan gidanka ƙarƙashin rumfa, kusa da tukwanen. Jama'a sun zo daga Virginia, daga Baltimore, har daga New York. Banɗaki biyu ba za su ishi mutum ɗari alwala ba, sai aka jera butoci a waje. Ina tsaye ina kallon ruwa yana bin siminti, sai zuciyata ta ƙi. Mu mutanen Gumel ba mu iya ganin ruwa yana tafiya a banza ga shuka a kusa. Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, a yi alwalar a kan tukwanen Malam mana. Ruwan bai tafi a banza ba, ladan kuma nasa ne." Kowa ya ce madalla da wannan tunani. Liman ma ya sa mini albarka. Da yake kowa ya san labarin gwaibar, kowa ita ya nufa da butarsa. Azahar, La'asar, Magariba, kwana uku cur. Har layi aka yi.

Ranar Juma'a aka sanar cewa sanyi zai sauka da safiyar Asabar. Muka ruɗe, muka kwashe tukwanen da yamma a gurguje, Davou kuma yana wurin aiki. Mutum huɗu suka ɗaga gwaibar, wadda a da biyu ke ɗauka, amma ba wanda ya tsaya ya yi tunani a kan haka. Ni na zaɓa mata wuri, dab da inda iskar hita ke fitowa, wai don ta ji ɗumi. Ni na sa mata baho a ƙasa don kada ta jiƙa daɓe. Na koma gida ina jin na sauke maka amana.

Bayan kwana biyar ganyenta ya fara yin rawaya. A garinmu in ganye ya yi rawaya, ƙishi ne, ba wata magana. Sai na shiga biyawa kullum bayan aiki ina ƙara mata buta guda. Ni da nake wuni ina gargaɗin mutane kada su ƙara ko ƙwaya ɗaya a kan abin da likita ya rubuta. Ganye ya ci gaba da zuba, ni kuma ina ƙara ruwa. Ranar sha biyu ga rasuwarka gwaiba ta farko ta faɗo, kore shar, tauri kamar dutse. Ranar sha tara ta biyu ta bi ta. Hajiya ce ta tsince su duka biyun, domin tana takaba, ba ta fita, kuma a ɗakin gilashin take wuni da carbinta. Da ma ta yi mini faɗa, da na fi samun sauƙi.

Washegari na kira Davou. Ya shigo ya duba, ya gwada ɗaga tukunyar, ya kasa. Ya tura yatsa, ya fito da caɓi, ya sansana, ya juyo ya dube ni.

"Abdulhamid, wannan tukunya ce ko rijiya? Wa ke ba ta ruwa?"

Na ba shi labarin alwalar. Ya riƙe baki. Ya ce, "Kai, ku mutanen nan! Ai ba ƙishi ke damunta ba, nutsewa take yi. Saiwa ma numfashi take. Malam bai taɓa gaya maka ba?"

Ka gaya mini, Yaya Ladan. A nan na tuna. Ka sha cewa bishiyar ɗaki ba kasafai ƙishi ke kashe ta ba, masu sonta ne ke kashe ta. Dariya nake yi duk lokacin da ka faɗa.

Muka kwantar da ita a kan leda, muka zare ta daga tukunya. Fiye da rabin saiwar ta yi baƙi, tana wari, tana narkewa a hannu. Davou ya yanke ruɓaɓɓun, muka sake mata busasshiyar ƙasa, muka janye ta daga bakin hita, muka zubar da bahon. Sannan ya faɗi abin da ya fi komai tayar mini da hankali. Ya ce bishiyar da ta rasa saiwa haka ba za ta iya ciyar da kanta ta ciyar da ɗa ba. In ana son ta rayu, a tsinke gwaibar da ta rage yau ɗin nan. In aka bar ta, wataƙila ta nuna, amma da wuya uwar ta kai bazara. Wataƙila kuma a rasa duka biyun. In kuwa aka tsinke ta ɗanya, irin cikinta bai ƙosa ba, ba zai tsiro ba, kuma ba wanda ya san ko bishiyar za ta sake yin fure.

Hajiya na zaune a bakin ƙofa cikin mayafinta, ta ji komai. Sai ta ce a hankali, "A bar ta. Malam ba itace ya ɗauko daga Zariya ba, iri ya ɗauko."

Davou ya ce to. Ya juyo kaina ya ce, "Kai kuma ka sa hannunka a aljihu. Ko ɗigo kada ka ba ta sai yatsa ya fito a bushe har gaɓa ta biyu."

Kwana goma sha tara ke nan ina wannan aiki na rashin yin komai, kuma ban taɓa yin aiki mai wuyarsa ba. In je, in tura yatsa, in ji danshi, in tsaya ina kallon bishiya tana zubar da ganye, butar na ajiye a gefe, hannuna na ƙaiƙayi. Sau biyu kacal ta sha ruwa, kofi ɗaya ɗaya. Hajiya tana tara ganyen da ya faɗi a cikin kwano, Najiba kuma ta turo mini adadin da ya rage a jiki kowace safiya. Daga ɗari da wani abu ya koma tamanin, ya koma hamsin da biyu. Jiya talatin da ɗaya. Ina tsaye ina ba mutane magani, wayata ta yi motsi a aljihu, sai in ajiye komai in duba. Aliyya ta ce na rame. Abokan aiki sun ɗauka makokinka ne kawai, kuma ban musa musu ba, don ban san yadda zan bayyana wa Ba'amurke cewa gwaiba guda ce ta hana ni cin abinci ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mutuwarka daga Allah ce, ba hannun kowa. Wannan kuwa hannuna ne. Ka riƙe abin nan shekara goma sha ɗaya a ƙasar da ba tata ba, ka tsallakar da ita hunturu goma sha ɗaya, ni kuma na kusa gamawa da ita a mako uku, da kyakkyawar niyya. In ta faɗo ɗanya, gidan Inna Rabi ya ƙare a hannuna, Najiba kuma ba za ta taɓa sanin abin da kake nufi ba.

Shekaranjiya Alhamis Najiba ta turo mini hoto. Gwaibar ta fara yin rawaya. Na zauna a kan kujerar da masu jiran magani ke zama, ina kallon hoton. Wata guda ke nan duk abin da ya yi rawaya a jikin bishiyar nan, washegari a ƙasa ake tsintarsa. Jiya ban je ba. Tsoro ne ya hana ni, ba wani uzuri ba.

Yau da safe na daure na tafi. Na yi sallama, Najiba ta buɗe mini ƙofa, ban kai ga cire takalmi ba na tsaya cak. Tun daga ƙofa, kamar yadda ka ce. Ƙamshin ya cika falo, ya hau matakala, ya rufe ƙamshin turaren wutar Hajiya. Gwaiba guda ɗaya, a jikin bishiya mai ganye talatin. Najiba ta dube ni idonta cike da hawaye, ta yi mini magana da Hausa, abin da ban ji ta yi ba tun tana 'yar shekara biyar.

"Baffa, wannan ne gidan Inna?"

Na ce shi ne, 'yata. Ban taɓa zuwa Tudun Jukun ba, amma na ce shi ne.

Ba zan ce hankalina ya kwanta ba. Bishiyar tana nan tsakanin rai da mutuwa, Davou ya ce sai watan Afrilu za a sani. Irin kuma ba wanda ya san ko zai tsiro, kuma Hajiya ta ce ni zan shuka shi. Na roƙe ta ta ba Davou, ta ce a'a, wanda ya riga ya san yadda ake kashe ta shi ne zai fi kula. Ina jin tsoron wannan amana ƙwarai. Amma na karɓa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Sharifa, Allah Ya ba ta haƙuri, Ya sa ta fita takaba lafiya. Ga Najiba, Allah Ya raya ta, Ya zama gatanta. Ga 'yan'uwansa na Zariya, da abokan aikinsa, da Davou da iyalinsa, da dukkan jama'armu ta Maryland da Virginia da Washington, Allah Ya ba mu juriyar wannan rashi. Waɗanda suka yi alwala a kan tukunyar nan bisa shawarata, ba ku da laifi, Allah Ya ba ku ladan niyyarku.

Gobe bayan addu'a Hajiya za ta tsinke ta da hannunta. Za a yanka wa Najiba rabi, sauran a yanka shi ƙanana a zagaya da shi iyakar inda ya kai. Mun saba cin gwaiba mu haɗiye har 'ya'yan cikinta. Don Allah, duk wanda yanki ya kai gare shi gobe, ya ci a hankali, kada ya tauna iri, kada ya haɗiye ko ɗaya. Za a ajiye faranti a tsakiya.

Yaya Ladan, ka yafe mini. Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowane lemo da ka miƙa wa baƙo ya zame maka nauyi a mizani. Allah Ya haɗa ka da Inna Rabi a Aljannar Firdausi, inda sanyi ba ya sauka, ba kuma a ɗaukar itace a gudu da shi ɗaki. Mu kuma da muka rage, Allah Ya kyautata ƙarshenmu, Ya sa abin da za a tara a farantin nan gobe ya tsiro. Amin.

Ƙaninka,
Abdulhamid
Largo, Maryland